Filin Tambayoyinku: Shiga Aikin Haɗin Gwiwa da Masu Zayyana, Injiniyoyi da Masana Bayanai

Wasiƙun da muka zaɓo a wannan fitowa duk a kan batu guda suke, wato shiga tawagar da ta haɗa masu zayyana (masu tsara fasalin shafuka da manhajoji), injiniyoyin manhaja da masana kimiyyar bayanai domin gina abu ɗaya tare. Mun taƙaita su, mun kuma sakaya sunayen masu su.

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Na kammala digiri a fannin ƙididdiga, na kuma koyi sarrafa bayanai da Python, harshen rubuta manhaja, ta intanet. Wasu matasa sun gayyace ni in shiga tawagarsu, wadda take gina manhajar waya da za ta riƙa nuna wa manoma da 'yan kasuwa farashin hatsi a kasuwanni daban-daban. A cikinsu akwai masu zayyana biyu da injiniyoyi huɗu, ni kuma za a ɗora mini ɓangaren bayanai. Ban taɓa aiki da kowa ba sai ni da kwamfutata, don haka ina tsoron kada in zama mai ja da su baya. Daga ina zan fara? (Wata mai karatu daga Zariya)

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Abin da kike tsoro ba shi ne ya fi karya irin wannan aiki ba. Da wuya tawaga ta watse domin mutum ɗaya bai iya wata dabarar lissafi ba, tunda dabara ana iya koyonta cikin 'yan makonni idan buƙatarta ta taso. Inda aka fi samun ɓaraka shi ne wurin miƙa aiki daga hannu zuwa hannu, lokacin da abin da masanin bayanai yake nufi ya sha bamban da abin da injiniya ya fahimta, shi kuma mai zayyana ya zana wani abu na uku. Wasu kan kwatanta wannan aiki da gayya, amma a gayya kowa da fartanyarsa ya zo, kowa aiki iri ɗaya yake yi, idan wani ya gaji na kusa da shi ya ƙarasa masa kunyarsa. A tawagarku kuwa babu mai iya ƙarasa aikin ɗan'uwansa, kuma aikin kowa ba ya da amfani sai ya shiga cikin na sauran daidai.

Mu ɗauki manhajar taku. Wani zai aiko muku da farashin masara daga Dawanau a Kano, wani kuma daga wata kasuwar ƙauye mai ci mako-mako. Kafin ki yi kowane lissafi akwai tambayoyin da ke kanki. Farashin buhu ne, ko na kwano, ko na mudu, ko na tiya? Mudun wannan kasuwa daidai yake da na waccan? Farashin sari ne ko na awo? Sabuwar masara ce mai sauran danshi ko tsohuwa? A ranar da kasuwa ba ta ci ba me za a rubuta? Wannan ta ƙarshe tana da hatsari fiye da yadda ake zato, domin injiniyan da ya tarar da gurbi babu komai yana iya cike shi da sifili don kada manhaja ta tsaya, sifilin nan kuma zai shiga cikin matsakaicin farashi ya ja shi ƙasa, har manomi ya buɗe wayarsa ya ga farashin da ba a taɓa sayar da masara a kansa ba. Shi kuma mai zayyana zai so ya nuna lamba ɗaya, babba, mai daɗin gani. Ke ce za ki dage cewa lallai a nuna ranar da aka ɗauki farashin da ma'aunin da aka yi amfani da shi, saboda lambar da ta kwana bakwai ba ta da darajar ta yau.

Kada ki ɗauka saɓanin ma'auni ƙaramar matsala ce ta masu koyo. A ranar 23 ga Satumba, 1999, hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, NASA, ta rasa kumbonta mai suna Mars Climate Orbiter a daidai lokacin da ya isa duniyar Mas. Binciken da aka yi ya nuna cewa wata manhaja da kamfanin Lockheed Martin ya samar tana fitar da alƙaluman ƙarfin tunkuɗa da ma'aunin fam na Amurka, masu jan ragamar kumbon kuma suna karanta su a matsayin ma'aunin Niyuton, alhali ɗayan ya ninka ɗayan kusan sau huɗu da rabi. Kowane ɓangare ƙwararru ne a fanninsu. Abin da aka rasa shi ne wanda zai tabbatar cewa lambar da ta bar wannan hannu ita ce lambar da wancan hannun yake tsammani.

Saboda haka aikinki na farko, kafin wani lissafi mai zurfi, shi ne ki rubuta takardar ma'anar bayanai. Shafi ɗaya ko biyu ya isa. Ki jera kowane gurbi da ke cikin jadawalinku, ki faɗi abin da yake nufi, da ma'auninsa, da inda yake fitowa, da sau nawa ake sabunta shi, da abin da za a yi idan babu shi. Ki zauna da injiniya ɗaya da mai zayyana ɗaya ku karanta ta tare layi-layi. Ina da yaƙinin cewa a wannan zama za ku gano aƙalla wuri ɗaya da kowannenku ya fahimta daban, kuma gano shi yanzu ya fi arha nesa ba kusa ba a kan gano shi bayan an gina rabin manhajar.

A cikin makon farko ɗin nan ki sauke abin da suka riga suka gina, ki kunna shi a kwamfutarki da kanki, ki rubuta duk inda kika maƙale, domin wanda zai shigo bayanki a nan shi ma zai maƙale. Idan da hali ki je kasuwa ɗaya ki ga yadda ake awo da yadda ake ciniki. Da ɗan gari akan ci gari, kuma awa biyu tare da dillalin hatsi za su koya miki abin da jadawali ba zai nuna miki ba. Daga nan ki nemi ƙaramin aiki wanda za ki iya kammalawa cikin kwana biyu ko uku, ki kammala shi, ki miƙa. Amana a tawaga da irin waɗannan ƙananan ayyukan da aka cika alkawarinsu ake gina ta, ba da babban alkawarin da har yanzu yana kan hanya ba.

Za ki buƙaci koyon Git, manhajar da Linus Torvalds ya rubuta a 2005 domin mutane da yawa su iya gyara aiki ɗaya ba tare da wani ya goge na wani ba. Akasarin tawagogi suna ajiye aikinsu a shafin intanet na GitHub, wanda aka buɗe a 2008, Microsoft kuma ya saye shi a 2018. Tsarin ba shi da wuyar fahimta: kina yanke reshe daga babban aiki, ki yi gyaranki a kai, sannan ki nemi a duba a haɗa shi. Wurin dubawar nan ne sababbin shiga suka fi jin zafi, domin wani zai bi aikinki ya nuna kurakurai a gaban kowa. Ki sa a ranki cewa aikin ake dubawa, kuma haka ake yi wa kowa, har wanda ya kafa tawagar. Gyaran da ba ki gane dalilinsa ba ki tambaya, wanda ba ki yarda da shi ba ki kawo hujjarki a rubuce cikin ladabi.

Akwai kuma batun sadarwa. Ku bakwai ne idan an haɗa da ke, wato akwai hanyoyin magana 21 tsakanin mutum biyu-biyu, idan kuka kai 12 kuma su zama 66. Wannan ne dalilin da ya sa shawarar da mutum biyu suka yanke a kiran waya, ba a rubuta ta inda kowa zai gani ba, takan zama silar rigima bayan wata guda. Duk tambayar da ta shafi aiki ki yi ta a zauren da kowa yake, ko da kina ganin ta yi sauƙi da yawa. Shawarata ta ƙarshe gare ki ita ce kada ki yarda a ja ki zuwa hasashen farashi da ƙirƙirarriyar basira tun kafin ku iya tattara farashin jiya daidai. Ilimin ƙididdigar da kike da shi ya ishe ki matakin da ake ciki.

Tambaya: Malam, barka da aiki. Ni mai zayyana ne, ina tsara fasalin shafuka da manhajoji. Duk tawagar da na shiga, injiniyoyi sai sun gama gina komai sannan su kira ni in sa launi. Idan na ce tsarin zai ba mutane wahala, sai su ce lokaci ya ƙure. Yaya zan yi a ɗauki aikina da muhimmanci? (Wani mai karatu daga Maraɗi, Jamhuriyar Nijar)

Amsa: Barka kadai, ɗan'uwa. Kukanka yana kan hanya, kuma ina gefenka a wannan batu, domin tawagar da ta mayar da zayyana kwalliya tana gina abin da masu ginin ne kaɗai za su iya amfani da shi. Sai dai gardama ba za ta canza ra'ayinsu ba. Abin da ke canza ra'ayin injiniya shi ne ya gani da idonsa mutum ya kasa amfani da abin da ya gina.

Tun ranar da aka gayyace ka, ka gindaya sharaɗi ɗaya, cewa za ka halarci zaman da ake yanke abin da za a gina. Ka zo da zanen gwaji, ko a takarda ko a Figma, manhajar zayyana da aka saki ga jama'a a 2016 kuma take ba mutane da yawa damar duba zane ɗaya a lokaci guda. Ka kai zanen ga mutanen da aka yi abin dominsu, ka ba su aiki ɗaya su yi, ka yi shiru ka kalle su. Jakob Nielsen, masanin wannan fanni, ya daɗe yana cewa gwaji da mutum biyar yakan fito da akasarin manyan matsalolin amfani, don haka ba ka buƙatar kuɗi mai yawa. Ka roƙi injiniya ɗaya ya raka ka. Idan ya ga mutum uku a jere sun nemi maɓalli sun rasa, ba sai ka ƙara cewa komai ba.

Kana kuma riƙe da ilimin da sauran ba lallai su kula da shi ba. Ka san cewa da yawa daga masu amfani da manhajar ƙananan wayoyin Android suke riƙewa, a cikin rana mai haske suke dubawa, da data ƙalilan, wasu kuma sun fi sabawa da saƙon murya a kan rubutu. Ƙa'idojin sauƙaƙa amfani da shafukan intanet na duniya sun nemi bambancin haske tsakanin rubutu na yau da kullum da bangonsa ya kai 4.5 bisa 1, kuma idan ka kawo irin wannan lamba, maganarka ta tashi daga son rai ta koma abin da ake iya aunawa. Tunda daga Nijar kake, ka san wani abu da ya shafi dukkan ɓangarorin uku: ku kuna rubuta ƴ, mu a Nijeriya muna rubuta 'y, mutane da yawa kuma ba sa sa ƙugiya a ɓ, ɗ da ƙ idan suna rubutu a waya. Kai ne za ka zaɓi nau'in haruffan da ke nuna su daidai, injiniya ya tabbatar akwatin bincike ya gane kalma ko da ƙugiya ko babu, masanin bayanai kuma ya hana a ƙirga kalma ɗaya sau biyu. Ka ɗaga wannan batu a zaman farko, za su gane cewa aikinka ya wuce launi.

A naka ɓangaren, ka tambayi injiniyoyi abin da ke da tsada wajen ginawa kafin ka kafe a kan wani fasali, kuma kada ka miƙa zanen allo mai cike da bayanai kawai. Ka zana yadda zai kasance idan babu bayanai, da idan intanet ta yanke, da idan an samu kuskure. Idan ba ka zana waɗannan ba, injiniya zai ƙirƙire su da kansa cikin gaggawa.

Tambaya: Malam, ni injiniyan manhaja ne. Wasu sun nemi in shiga aikinsu ba albashi, sun ce idan abu ya yi kyau za a ba ni kaso. Babu komai a rubuce, kuma da na tambaya sai suka ce ai mu 'yan'uwa ne. In shiga? (Wani mai karatu daga Kaduna)

Amsa: Ɗan'uwa, kada ka shiga sai an rubuta. Rubuta yarjejeniya ba rashin yarda ba ne, kuma aya mafi tsawo a Alƙur'ani, a Suratul Baƙara, umarni ce da a rubuta bashi tsakanin muminai. Zumuncin ma rubutun ne yake kare shi ranar da kuɗi ya shigo.

Ka fara da gane irin aikin, domin ayyukan da ba a biyan albashi ba ɗaya suke ba. Akwai buɗaɗɗen aiki, wanda kowa zai iya ɗauka ya yi amfani da shi, kuma shaidarsa ita ce lasisin da ke manne da shi. Lasisin MIT da na Apache sun yarda kowa ya ɗauka, har kamfani ya sa a cikin abin da yake sayarwa, muddin ya kiyaye sanarwar masu aikin. Lasisin GPL kuma ya wajabta wa wanda ya gyara ya rarraba ya saki nasa gyaran a ƙarƙashin sharaɗi iri ɗaya. A irin wannan aiki ladarka ita ce ƙwarewa da sunanka a tarihin aikin, wanda kowane mai ɗaukar ma'aikata zai iya dubawa. Akwai kuma kamfani mai tasowa, wanda ke rufe aikinsa domin ya sayar, kuma da alama shi ne naka. A nan kana ba da lokacinka ne a madadin hannun jari, don haka dole takarda ta faɗi kaso nawa ne, na wane kamfani, an yi masa rajista a hukumar rajistar kamfanoni ta CAC ko ba a yi ba, wa ya mallaki abin da ka rubuta, kuma me zai faru idan ka fita ko aka fitar da kai. Tsarin da ya yaɗu a kamfanonin fasaha na Amurka shi ne kason mutum ya riƙa tabbata sannu a hankali cikin shekara huɗu, ba ya samun komai sai ya cika shekarar farko. Ba dole ku kwafi wannan ba, amma ku amince da wani tsari, kuma lauya ya duba shi.

Ka tambaya kuma game da bayanan mutane. Dokar Kare Bayanai ta Nijeriya, wadda aka sanya wa hannu a watan Yuni na 2023, ta ɗora nauyi a kan duk mai tattarawa ko sarrafa bayanan da ke nuna ko wane ne mutum, kamar lambar waya da adireshi. Idan ka ga ana jefa jerin sunaye da lambobin mutane a zauren WhatsApp na tawaga ba tare da izinin masu su ba, wannan alama ce ta yadda za a riƙe sauran amanoni. Wanda kuma ya ce sai ka biya kuɗi kafin a bar ka ka yi masa aiki kyauta, ka rabu da shi.

Tambaya: Malam, ni ɗalibi ne, babu wanda ya gayyace ni ko'ina. Ina ake samun irin waɗannan tawagogi, kuma yaya zan yi da matsalar wuta da data? (Wani mai karatu daga Kumasi, Gana)

Amsa: Ƙanena, da yawa daga cikinsu ba sa jiran gayyata. Masakhane, ƙungiyar masu binciken fasahar harsunan Afirka da ta fara a 2019, tana karɓar kowa, kuma a aikinta na MasakhaNER na 2021 an tattara bayanai a harsuna 10, har da Hausa. Akwai HausaNLP da ta mayar da hankali a kan harshenmu. Common Voice na Mozilla, wanda aka fara a 2017, yana tattara muryoyi domin koya wa na'ura jin magana, Hausa tana ciki, kuma waya kaɗai ta isa ka fara. Zindi, da aka kafa a 2018, tana shirya gasar bayanai a kan matsalolin Afirka, ana kuma iya shiga a ƙungiyance. Omdena tana haɗa mutane daga ƙasashe da yawa a aikin da kan ɗauki makonni takwas. Mai son taswira ya duba tawagar agaji ta OpenStreetMap, wadda ta yi fice bayan girgizar ƙasar Haiti ta 2010. Idan kana neman wanda ake biya, shirye-shiryen Google Summer of Code da Outreachy suna ba da alawus ga waɗanda aka zaɓa, Outreachy kuma tana ɗaukar masu zayyana da masu rubuta bayanin manhaja, ba injiniyoyi kaɗai ba. Ka zaɓi guda ɗaya, ka karanta takardar ƙa'idojin ba da gudummawa, ka nemi ayyukan da aka yi wa alamar sun dace da sabon shiga.

Game da wuta da data, Git yana aiki ba tare da intanet ba, kana iya yin aikinka ka adana, sai ka tura idan ka samu layi. Lissafi mai nauyi kuma kana iya yinsa a Google Colab ko Kaggle, waɗanda ke ba da aron na'ura kyauta zuwa wani iyaka. Ka faɗa wa tawagarka halin da kake ciki tun farko, da sa'o'in da za ka iya bayarwa a mako, ka kuma lura cewa agogon Gana yana bayan na Nijeriya da Nijar da awa ɗaya idan an sa lokacin taro. Idan jarrabawa ta matso, ko wani uzuri ya hana ka ƙarasa abin da ka ɗauka, ka rubuta inda ka tsaya da abin da ya rage, ka tura abin da ka yi ko bai kammala ba, sannan ka cire sunanka daga kan aikin domin wani ya samu damar ɗauka.